Kafin Ka Kawo Karen Labrador Haɗeja

Labrador kare ne mai son ruwa. Kakanninsa a tsibirin Niwfawunlan na Kanada suka taso suna taya masunta aiki, daga baya Turawan Ingila suka horar da shi ɗauko agwagwar da maharbi ya harbo. Fadamarmu za ta yi masa daɗi, amma zafin Afrilu da Mayu, da yakan wuce digiri 40, yana iya kashe shi. Ka fita da shi da asuba ko bayan la'asar, ka tanadi inuwa da ruwan sha.

Idan gadi kake nema, ka haƙura. Wannan kare ɓarawo ma kaɗa masa wutsiya zai yi. Ga shi da haɗama, sai ka auna masa abinci, domin babba bai kamata ya wuce kilo 36 ba.

Duk lokacin da ya fito daga kogi ko cikin kacalla, ka goge masa cikin kunnuwa su bushe, ka duba kaska. A yi masa allurar rigakafin haukan kare yana wata 3, a riƙa maimaitawa duk shekara. Kada ka sake shi a gandun Baturiya, tsuntsayen wurin doka ta kare su.