Garkar itatuwa a bayan gida

A daji, itatuwa ba tsawonsu ɗaya ba. Akwai manya kamar kuka da tsamiya. Ƙarƙashinsu akwai matsakaita kamar aduwa. Daga nan sai ƙanana irin su magariya da anza. Can ƙasa kuma ga haki da ganyaye. Kowane yana samun rabonsa na rana da ruwa.

Manomi mai dabara yana kwaikwayon daji cikin garkarsa. Yana shirya ta hawa huɗu.

Hawa na farko shi ne na manyan itatuwa, kamar mangwaro. Mangwaro yana son fili. Ana barin mita 10 tsakanin ɗaya da ɗaya. Ba a dasa shi jikin katanga, don saiwarsa tana tsaga gini.

Hawa na biyu na matsakaitan itatuwa ne: gwaiba, lemun tsami da rumman. Mita 5 ko 6 sun ishe su. Gwanda da zogala kuwa ana saka su a tsakani, domin suna saurin girma.

Hawa na uku na ƙananan itatuwa ne masu ƙananan ƴaƴa, irin su magariya da tsada. Wurinsu shi ne gefen garka. Magariya tana jure fari, ƙayarta kuma tana tare bisashe. Da garin ƴaƴanta ne mata suke yin akuri. Akwai magariya mai aure, wadda aka haɗa reshen irin ƙasar Indiya da tushen ta gida. Ƴaƴanta sun fi na daji girma da nama. Da Faransanci ana ce mata pomme du Sahel.

Hawa na huɗu shi ne ƙasa. Nan ake shuka yakuwa, kuɓewa, kabewa da dankali, a wurin da rana take bugawa.

Yadda ake dashe

Lokacin dashe shi ne tsakiyar damana, in ruwa ya zauna. A Nijar, ranar 3 ga watan Agusta ita ce ranar dashen itatuwa.

Da farko ana gina rame mai faɗin santimita 60 da zurfin santimita 60. Ana ajiye ƙasar sama gefe ɗaya, ta ƙasa gefe ɗaya. Ƙasar sama ta fi ƙarfi. Ita ake gaurayawa da ruɓaɓɓen taki, a fara mayar da ita cikin rame. Ɗanyen taki ba shi da kyau: yana ƙona saiwa.

Ana dashe da marece, in rana ta yi sanyi. Ana yanke ledar da ɗan icce yake ciki, a cire ta duka, ba tare da an wargaje ƙasar saiwa ba. In icce mai aure ne, a bar wurin auren sama da ƙasa. Sai a cika rame, a taka a hankali, a yi masa ɗan gurbi kewaye, a zuba ruwa bokiti guda.

Shekarar farko

Dashe aikin yini ɗaya ne, amma reno aikin kullum ne. Yawancin itatuwan da suke mutuwa, a shekarar farko suke mutuwa. Maƙiyansu uku ne: akuya, gara da ƙishirwa.

Akuya ɗaya tana iya cinye ɗan mangwaro kafin a ɗauko sanda. Saboda haka ana kewaye kowane icce da ƙaya ko da kara tun ranar dashe. Gara kuwa ana rage ta da toka, kuma ana dubawa kullum. In rani ya shigo, ana ban ruwa da safe ko da marece. Ana shimfiɗa busasshen haki a gindin icce don ƙasa ta daɗe da laima, amma kada hakin ya taɓa jikin iccen. Ruwan alwala da na ɗauraye hatsi duk suna da amfani. Kada a zubar da su banza.

Wannan aiki yara suna iyawa. A gidaje da yawa kowane yaro yana da iccensa. Shi yake ba shi ruwa kafin ya tafi makaranta.

Ladan wahala

Zogala tana ba da ganye cikin ƴan watanni. Gwanda takan yi ƴaƴa cikin shekara guda. Gwaiba takan kai shekara 2 ko 3. Mangwaro mai aure yana farawa bayan shekara 3 ko 4, na ƙwallo kuwa ya fi haka daɗewa.

Itatuwan nan ba su nuna lokaci ɗaya. Magariya tana nuna bayan kaka. Mangwaro yana nuna da bazara, lokacin da hatsi ya fara ƙaranci a rumbu. Gwaiba, lemu da magariya suna da bitamin C. Mangwaro, gwanda da ganyen zogala suna ba jiki bitamin A, mai kare lafiyar ido. Abin da ya rage a kai kasuwa, a sayo gishiri da littafin makaranta.

Kalmomi

garka: jardin
magariya: jujubier
gwaiba: goyavier
taki: fumier
gara: termites

Tambayoyi

1. Hawa nawa ake shirya garkar itatuwa? Faɗi su.
2. Don me ba a dasa mangwaro jikin katanga?
3. Su wane ne maƙiyan ɗan icce?
4. Garka tana da tsawon mita 30. Ana son jera gwaiba, mita 5 tsakani, daga wannan iyaka zuwa waccan. Gwaiba nawa za a dasa?

Aiki

Zana garkar da kake so a bayan gidanku. Tambayi kakanka sunayen itatuwan daji biyar da ake cin ƴaƴansu, ka rubuto su.