Abin da ke sa ƙwallon takarda ya wargaje a hannu

Koken da na fi ji daga masu koyon origami na haɗe-haɗe kusan iri ɗaya ne: an sayi takardar Japan mai zane da tsada, an ninka yanki talatin, amma da aka zo kan ukun ƙarshe sai su ƙi shiga, ko kuma a tura wannan gefe wancan ya zare. Sai mutum ya ce ai hannunsa ne bai iya ba. Yawanci ba haka ba ne. Ɓarnar ta auku tun kafin a fara haɗawa.

Yankin da kowa ke farawa da shi shi ne wanda ke ɗauke da sunan Mitsunobu Sonobe, wanda aka wallafa a Japan a 1968. Kowane ɗaya yana da harshe biyu da aljihu biyu. Harshen wannan ya shige aljihun wancan, shi ke nan, babu zare babu gam. Shida su ba ka akwati, goma sha biyu su ba ka ƙwallo mai tsini takwas, talatin kuma mai tsini ashirin. Abin da ke riƙe su matsi ne kawai, shi ya sa ƙaramin kuskure ba ya ɓoyuwa. Idan takardarka ta kauce da milimita ɗaya a gefe, kaucewar tana taruwa yanki bayan yanki har ta tare ka a ƙofar rufewa. Don haka kar ka yanka da almakashi. Sa rula ta ƙarfe da reza sabuwa, sannan ka ninka takardar kusurwa zuwa kusurwa ka gani. In baki bai haɗu da baki ba, ajiye ta gefe. Falle mai santimita 15 yana ba da huɗu masu 7.5, kuma talatin irin waɗannan suna fitar da ƙwallo kusan girman lemo.

Sai maganar hannu, wadda ita ce ta fi kayar da mutane. Yankin Sonobe yana da na dama yana da na hagu, kuma ba sa shiga juna. In ka fara da lanƙwasa kusurwar dama ta ƙasa, to haka za ka yi har na talatin. Ka ajiye na farko a gabanka, duk wanda ka gama ka ɗora shi a kai. Wanda ya juya baya, warware shi tun yanzu.

Ita kanta takardar akwai abin dubawa. Chiyogami, wato takardar Japan mai zane, ta samo asali ne tun zamanin Edo, lokacin da ake buga zanenta da katako, irin da ake kira yuzen kuwa daga adon kimono na Kyoto aka ɗauko zanenta. Ta ainihi ana yin ta ne a kan washi, takardar da ake sarrafawa daga ɓawon itacen kozo, sana'ar da UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2014. Zarenta dogo ne, ba ta yagewa da wuri, amma tana da laushi, kari ba ya zama a jikinta da kansa. Dole ka bi kowane ninki da bayan cokali a kan tebur mai tauri. Ni dai ina ganin asara ce mai koyo ya fara da ita. Ya yi ƙwallonsa na farko da takardar origami mai araha wadda ke karɓar kari nan take. Kuma wajen zaɓen zane, guji manyan furanni da tsuntsaye, don ninki zai sare su har ba a gane su. Ƙananan zane masu maimaituwa, irin asanoha mai siffar ganye ko seigaiha mai siffar igiyar ruwa, su ne ke fitowa ras. In kana son launi ya zauna, ɗauki kala uku, goma-goma, ka tabbata kowane tsini ya sami ukun.

Wajen haɗawa, ƙirga: yanki uku ke yin tsini ɗaya, tsini biyar kuma ke zagaye kowace mahaɗa a ƙwallo mai talatin. In ka rufe da huɗu, ka kama hanyar mai goma sha biyu ne ba ka sani ba. Ɗora rabin da ka gama cikin ƙaramin kwano don ya tallafe shi, ka danne gaɓoɓin da abin maƙale shanya. Ukun ƙarshe kuwa kada ka cusa su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe. Saka duka harsunan rabi-rabi, sannan ka bi su da tsinken sakace a hankali.

Masu tsaurin ra'ayi a wannan sana'a ba sa son jin maganar gam. Amma tsohon ƙwallon ado na Japan ma, wato kusudama, ɗinke shi ake yi da zare, don haka ban ga laifi ba. In rataye shi za ka yi, ɗiga gam kaɗan da tsinke cikin aljihun, musamman saboda laimar damina tana saki takarda. Ɗaura zaren ratayar a jikin maɓalli, ka jefa maɓallin ciki kafin ka rufe, ka bar zaren ya fito ta mahaɗar tsini biyar. Rataye shi nesa da taga, rana tana cin launi.