Darasin Mako: Maigida, Yaranka Suna Motsa Jiki Kuwa?



Duk wanda ya san kasuwanninmu na nan Kudu, daga Mile 12 da Alaba Rago a Legas har Sabo da Bodija a Ibadan, ya san aikinmu iri biyu ne. Akwai 'yan dako da masu lodi, waɗanda gumi ba ya bushe musu. Akwai kuma masu zama: ɗan canji a kan benci, yaron shago a bayan kanta, tela a kan keke, direba da ke wuni cikin cunkoso. Darasin yau a kan masu zaman nan ne, da nauyin da ke kanmu iyayen gidansu.

Me zama yake yi wa jiki?

A 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya fitar da binciken da ya yi a kan ma'aikatan bas mai hawa biyu ta birnin Landan. Direba da kwandasta a mota ɗaya suke wuni, amma direba a zaune, kwandasta kuwa yana ta hawa da saukar matakala yana karɓar kuɗi. Sai aka ga ciwon zuciya ya fi kama direbobin. Tun daga nan likitoci suka yi ta tabbatar da cewa yawan zama yana buɗe ƙofa ga hawan jini, ciwon suga da ƙiba. Shi kuwa hawan jini ba ya sallama. Mutum yana ciniki lafiya lau, sai a ji ɓarin jiki ya shanye. To a nan baƙunta muke: in yaro ya kwanta, shago ya tsaya, kuɗin asibiti ya taso, iyalinsa a Arewa kuma suna jiran aike.

Nawa ake buƙata?

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idarta ta 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako. Mafi ƙaranci ke nan minti 30 a rana, kwana biyar. Matsakaici shi ne tafiya da sauri, wadda numfashi zai ɗan ƙaru amma kana iya magana. Ba dole ba ne a yi shi a lokaci ɗaya. Minti goma nan, goma can, duk suna shiga lissafi.

Yaya za mu ja hankalin yaranmu?

Na ɗaya, mu fara da kanmu. Maigidan da ke hawa okada don tafiyar minti biyar ba zai ce wa yaro ya taka ba a ji shi.

Na biyu, mu ba da lokacin daga cikin lokacin aiki. Wanda ya tashi ƙarfe takwas na dare a gajiye, ba atisayen da zai yi. A Japan, tun 1928 ake sa atisayen safe a rediyo, kuma har yau akwai masana'antun da ma'aikata ke yin sa tare na 'yan mintoci kafin su kama aiki. Mu ma za mu iya: a yi karɓa-karɓa, ɗaya ya tsare shago, ɗaya ya zagaya. Aiken kusa, banki ko sito, a je a ƙafa.

Na uku, a yi a ƙungiyance. Ƙwallon safiyar Lahadi tsakanin layin masu albasa da layin masu tumatir ya fi wa'azi goma tasiri. A sa 'yar kyauta, ko katin waya ne. Amma ban da gori fa. Wanda aka yi wa dariyar tumbi ba zai dawo ba.

Na huɗu, a riƙa awo. Shaguna biyar za su iya haɗa kuɗi su sayi na'urar auna jini, ko shugabannin kasuwa su gayyato ma'aikaciyar jinya wata-wata. Wanda awonsa ke kaiwa 140/90 ko sama a kai a kai, ya ga likita, kuma maigida ya ba shi izinin zuwa ba tare da yanke masa ko sisi ba.

A kula: mai ciwon ƙirji, jiri ko haki ya fara ganin likita kafin atisaye. 'Yan dako kuwa hutu da ruwan sha suke buƙata daga gare mu, ba ƙarin gudu ba. Matan gida ma kada a bar su a baya. Shara, daka da zagayen tsakar gida duk motsi ne.

Aikin wannan mako: kowane maigida ya zauna da yaransa, su zaɓi abu ɗaya daga cikin huɗun nan, su fara ranar Litinin. Juma'a mai zuwa sai mu ji yadda ta kaya.

Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka a kasuwa.