Darasi Daga Gareji: "Motar Ba Ta Ja"

A hutun da ya wuce na raka kawuna gareji da tsohuwar Peugeot 406 ɗinsa mai shan gas. Kokensa ɗaya ne: "Ba ta ja." Ɗalibai, ku lura da aikatau "ja" a nan: ana nufin motar ba ta da ƙarfi, musamman a hawa.

Kawu ya riga ya ranto kuɗin sabon turbo. Bakaniken ya ce, "Alhaji, dakata tukuna." Ya bayyana mana cewa hayaƙin salansa ke juya fankar turbo, ita kuma ta cusa iska cikin inji. Ya sa ni taka totur, shi yana kallon baya. Shuɗin hayaƙi, in ji shi, alama ce ta injin yana ƙona baƙin mai, wataƙila turbon ke yoyo. Namu baƙi ne, wato iska ta yi ƙaranci.

Ya duba matatar iska, lafiya lau. Sai ya kasa kunne, ya ji motar "tana fito". Ya bi tiyo da hannu har ya taɓo inda ya tsage. Tiyo kawai muka saya, kawu ya mayar da bashi.