Abin ƙirgawa da abin awo a Ingilishi

In kuka je kasuwar Jibiya ko ta Kano, ko kuka karɓi takardar kaya daga Nijeriya, za ku tarar da Ingilishi a rubuce. Akwai wata ƴar kalma da ke yawan zuwa gaban suna, harafi guda ce tak, "a". Ma'anarta guda ɗaya. "A goat", akuya guda. "A bag", buhu guda. In sunan ya fara da sautin wasali, sai ta koma "an", don ta yi sauƙin faɗi: "an egg", ƙwai guda, "an onion", albasa guda.

To, amma ba kowane suna ke karɓar ta ba. Ku duba Hausarmu. Muna cewa awaki uku, amma wa ya taɓa jin an ce gero uku? Sai dai tiya uku, ko dami uku. Akuya ƙirga ta ake yi, gero kuwa auna shi ake yi. Haka ruwa, da mai, da gishiri.

Ingilishi ma haka yake. "Rice" shinkafa ce, "oil" mai ne, kuma ba a sa musu "a". Wanda ya rubuta wa mai kaya "a rice" ya yi kuskure, kuma bai faɗi abin da yake so ba. Buhu ne, ko tiya? Sai ku kawo ma'auni, shi ne zai ɗauki "a" ɗin: "a bag of rice", buhun shinkafa guda, "a bottle of oil", kwalbar mai guda. In buhu 10 ne, ku rubuta "ten bags of rice". Ku lura, buhu ne ya samu "s" na jam'i, shinkafa tana nan yadda take. In ba ku son faɗin adadi, ku ce "some rice", wato ƴar shinkafa.

Akwai inda abin ke ba da mamaki. Kuɗi dai kullum ƙirga su muke yi, dala dala, jika jika, amma "money" yana cikin abin awo. Ba a cewa "a money". Ni ma na daɗe ban saba da wannan ba. Waɗanda suka taɓa lakwal kuma su yi hankali da burodi. Da Faransanci ana cewa "un pain", amma da Ingilishi sai "a loaf of bread".

Ita "the" ba ta da wannan wahala, tana shiga gaban kowane iri. Aikinta kamar na "n" da "r" ɗinmu ne, na buhun da shinkafar, wato abin da ku da mai sauraro kuka riga kuka sani. "The rice", shinkafar da aka yi ciniki.

Yanzu ku ɗauki kayenku. Ga "cow", saniya, da "milk", madara, da "salt", gishiri, da "orange", lemu. Wanne zai karɓi "a", wanne "an", wanne kuma sai da ma'auni?