SU WANE NE KE TSARA FILAYEN JIHA?

Ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta danƙa dukkan filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Gwamna kuwa mutum ɗaya ne, ba zai iya sanin inda kowane kwari yake ba, balle iyakar kowace gona. Saboda haka dokar ta tilasta masa kafa kwamitin rabon filaye, har ta faɗi waɗanda dole su zauna a cikinsa: lauya ɗaya, da aƙalla mutum biyu masu ilimin kimanta gidaje ko aikin filaye, waɗanda suka shekara biyar ko fiye da samun shaidar ƙwarewarsu. Wannan kwamiti shawara yake bayarwa a kan rabo da biyan diyya. Amma kafin a kai ga rabo, sai an san me za a yi da ƙasar tukuna. Wannan shi ne aikin hukumar tsara birane ta jiha, kuma darasinmu na yau a kan ma'aikatanta yake.

Mu fara da ɗan lissafi. A ƙidayar 1991 an sami mutum miliyan 5.8 a Jihar Kano, a ta 2006 kuma miliyan 9.4. Wato ƙaruwar ta ɗan haura kashi 3 cikin ɗari a shekara. To, mu ƙaddara wani gari mai mutum 100,000 yana ƙaruwa da kashi 3 daidai. Bayan shekara goma zai kai kimanin 134,000. Idan kowane gida na ɗaukar mutum bakwai, sababbin mutum 34,000 ɗin nan na bukatar gida wajen 4,900. Fuloti ɗaya na mita 15 sau 30 murabba'in mita 450 ne, ke nan gidajen kaɗai za su ci hekta 220. In muka ware kwatankwacin wannan domin hanyoyi, makarantu, kasuwa, asibiti da maƙabarta, ya zama hekta 440, sama da filin ƙwallo 600. Wannan ƙasa ba daga sama za ta faɗo ba. Gonakin wasu ne, da fadamu, da burtalin shanu.

Mai yin irin wannan lissafi shi ne jami'in tsara birane, kuma shi ne jagoran tawagar. Shi ke duban yadda gari zai kasance nan da shekara ashirin, ya ce nan gidaje, nan masana'antu, nan kuwa kada a taɓa. A Nijeriya ba kowa ke ɗaukar wannan suna ba sai wanda ya yi rajista da majalisar TOPREC, wadda aka kafa a 1988.

Sai dai zanensa ba ya da amfani idan ba a iya sauke shi a ƙasa ba, kuma a nan safiyo ke shigowa. Ɗalibai su lura da batun ma'aunin taswira. A taswira mai ma'aunin 1:50,000, santimita ɗaya na wakiltar mita 500, don haka fulotinmu na ɗazu bai kai milimita ɗaya ba a kan takarda. Irin wannan taswira tana nuna inda tuddai da koguna suke, amma ba a raba fili da ita. Sai an sauko zuwa ma'auni irin 1:2,500, inda santimita ɗaya ke daidai da mita 25. Safiyo ne ke fita da na'urorinsa ya auna, ya kafa duwatsun iyaka masu lamba. A da aikin zane duk da hannu ake yi a kan faffadan tebur. Yanzu ya koma kan kwamfuta, tare da hotunan tauraron ɗan'adam, kuma jihohi irin su Kaduna da Kano sun kafa hukumomi na musamman domin adana bayanan filaye ta wannan hanya. Ke nan an sami sabon gurbi a tawaga, na masanin taswirar kwamfuta.

Wanda aka fi mantawa da shi wajen ɗaukar ma'aikata shi ne masanin ruwa da yanayin ƙasa. Ruwan sama da ya sauka a gona, da yawansa nutsewa yake yi. Da zarar an rufe wurin da kwano da siminti da kwalta, kusan dukkansa gangarowa zai yi, kuma a lokaci guda. Kududdufan tsofaffin biranenmu, waɗanda aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini, su ne matattarar wannan ruwa. Duk wanda aka cike aka gina kantuna a kai, ruwansa na nan tafe, sai dai ya nemi ɗakin wani ya kwana. Masanin ruwa ne zai auna faɗin yankin da ke zuba ruwa cikin rafi irin Jakara, ya shata iyakar da ambaliya kan kai, injiniya kuma ya ƙayyade girman magudana da kwalbati. Ambaliyar Maiduguri ta Satumba 2024, bayan ɓallewar madatsar Alau, ta nuna abin da kan sami unguwannin da ke kan hanyar ruwa.

Lauya da mai kimanta dukiya aikinsu a fili yake: takardun mallaka, ƙwace fili domin amfanin jama'a, da ƙiyasin diyyar gini, itatuwa da amfanin gona. A gefensu ana bukatar masanin zamantakewa wanda zai iya zama da dagaci da masu unguwanni da arɗon Fulani. Akwai tsohuwar maƙabarta da babu ita a kowace taswira, akwai mashayar da sai da rani ake sanin darajarta, akwai gonar gado mai magada talatin. Hoton tauraron ɗan'adam ba ya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Tarihi ya nuna cewa samun kyakkyawan tsari ba shi ne mai wuya ba. Kano ta sami tsarin shekara ashirin na Trevallion, daga 1963 zuwa 1983, Kaduna kuma ta sami na Max Lock a 1967. Masana daga Ingila ne suka jagoranci ayyukan biyu, kuma garuruwan sun bazu fiye da yadda hukumominsu suka iya bi. A ganina a nan ne gizo ke saƙar. Ana iya ɗauko kamfani ya zana tsari cikin shekara biyu ya tafi, amma ba a iya ɗauko kamfani ya tsare shi shekara ashirin. Wannan aikin jami'an sa-ido ne, masu zagayawa unguwa-unguwa suna duba ko mai gini na da izini, ko ya ci hanya, ko ya hau magudana. Idan jiha ta ɗauki manyan darektoci biyar ta bar sa-ido a hannun mutum ƙalilan marasa abin hawa, to, ba za a ga ɓarna ba sai gini ya kai linta. Daga nan sai jan fenti a bango, sai rusau, sai asarar dukiyar da aka yi shekaru ana tarawa. Hana aza harsashi ya fi rusa bene sauƙi ga kowa.

Dokar tsara birane ta 1992 ta tanadi hukuma a matakin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma. A 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar, ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Saboda haka nauyin ɗauka da horarwa da riƙe waɗannan ma'aikata yana wuyan kowace jiha.

Ɗalibin da ke sha'awar wannan fage ya riƙe lissafi da labarin ƙasa da kyau, ya haɗa da kimiyyar lissafi ko zanen fasaha in makarantarsu na koyarwa. Ana karanta tsara birane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, aikin safiyo kuma har makaranta ta musamman gare shi a garin Oyo.

Ga malamai: a raba aji gida huɗu, a ba kowane rukuni matsayin ɗaya daga cikin jami'an nan. Su auna harabar makaranta da taku ko igiya, su zana ta a ma'aunin 1:500, su nuna inda ruwa ke bi da inda yake kwanciya da damina. Sannan a ce su zaɓi wurin gina sababbin azuzuwa uku, kowane rukuni ya kare ra'ayinsa a gaban sauran.