Labarin Hose Marti, Mawaƙin Ƙasar Kuba

Kuba wani tsibiri ne dogo a cikin teku, kudu da Amurka, inda a ke noman rake da taba. Mutanen Sifen suka mallake shi kusan shekara 400, suna aiko da gwamna da soja, suna kwashe arzikinsa. A babban birninsa, watau Habana, aka haifi Hose Marti a shekarar 1853. Ubansa sojan Sifen ne, ba mai dukiya ba.

Yaron ya tashi da son karatu, har wani malami, Mendibe, ya ɗauki nauyinsa. A 1868 mutanen Kuba suka ta da yaƙin neman 'yanci. A 1869 aka kama Marti saboda wata wasiƙa da aka rubuta wa wani ɗan makarantarsu, ana zarginsa don ya shiga sojan Sifen. Da aka kai shi gaban shari'a tare da abokinsa, kowannensu ya ce shi ya rubuta, don ya kuɓutar da ɗan'uwansa. Aka yanke wa Marti shekara 6. Ku duba fa, yaro ɗan shekara 17, da mari a ƙafa, yana fasa dutse cikin rana! Ciwon da marin nan ya ji masa bai rabu da shi ba har mutuwa. Daga baya uwarsa ta ba shi zobe wanda aka ƙera da ƙarfen sarƙar, an rubuta Kuba a kansa.

A 1871 aka kore shi zuwa Sifen, can ya karanta shari'a. Ya zauna Meksiko da Gwatemala, ya komo gida a 1878, aka sāke korarsa a 1879. Sa'an nan ya yi kusan shekara 15 a birnin Niyu Yok, yana cin abinci da alƙalaminsa. A can ya buga littafin waƙoƙi domin ɗansa a 1882, da wani a 1891. Waƙoƙinsa da sauƙi su ke, ko manomi ya ji ya gane.

Amma babban aikinsa shi ne haɗa kan mutane. A 1892 ya kafa jam'iyya da jarida. Ya riƙa bin masu naɗin taba 'yan Kuba da ke Tamfa, suna yanko masa daga ɗan ladansu. Ya dage a kan baƙi da fari ɗaya ne, a ƙasar da ba a hana bauta ba sai 1886. Wannan kuwa, a ganina, ya fi sayen bindigogi wuya.

A Janairu 1895 hukumar Amurka ta tsare jiragensa uku na makamai. Duk da haka yaƙi ya tashi ran 24 ga Fabrairu. A watan Afrilu ya sauka Kuba da dare cikin ƙaramin jirgi, tare da sarkin yaƙi Gomes. Ran 19 ga Mayu suka gamu da sojan Sifen a Dos Riyos. Gomes ya ce masa ya tsaya baya, don shi ba mayaƙi ba ne. Marti ya hau farin dokinsa ya zabura gaba, aka harbe shi, yana da shekara 42.

Sifen ta fita Kuba bayan Amurka ta ci ta da yaƙi a 1898, sojan Amurka kuma suka riƙe tsibirin har 1902. Kabarin Marti yana birnin Santiyago.